An fasa mana gida da rana tsaka, shin kyamara ce mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Makonni biyu da suka wuce aka shiga gidanmu da rana, ina wurin aiki, yara suna makaranta. An haura katangar baya, an ɓalle ƙofar kicin, an kwashe talabijin, kwamfuta, wayoyi biyu da sarƙoƙina. Maigidana aikinsa na tafiye-tafiye ne, yawanci daga ni sai yara uku muke kwana. Tun ranar ko motsin mage na ji sai gabana ya faɗi, barci ya gagare ni. Wani mai sayar da kayan tsaro ya ce mu sa kyamara takwas, amma kuɗinmu ba zai isa a yi komai da komai ba. Don Allah da me za mu fara? Daga wata uwar yara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Muna yi miki jaje, Allah Ya mayar da mafi alheri, Ya tsare gaba. Rashin barcin nan kusan duk wanda aka taɓa shiga gidansa ya san shi, domin ba kaya kaɗai ɓarawo yake ɗauka ba, har da natsuwar mutum a cikin ɗakinsa.

Kada ki fara da kyamara. Kyamara tana nuna miki abin da ya faru ne bayan ya faru, ba ta riƙe ƙofa. Mai fasa gida abu uku yake aunawa kafin ya yanke shawara: tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya shiga, yawan ƙarar da zai yi, da kuma ko wani zai gan shi. Saboda haka kuɗinku su tafi a kan abin da zai ɓata masa lokaci tukuna, sannan abin da zai tona masa asiri, hoto ya zo a ƙarshe. Masu bincike a Ingila da suka bi diddigin rahotannin gidaje masu yawa sun gano cewa haɗa abubuwa huɗu masu sauƙi, wato makullin taga, makulli mai ƙarfi a ƙofa, fitilar waje mai kunna kanta, da fitilar ciki da aka saita wa lokaci, yana cikin abin da ya fi kare gida, kuma babu kyamara a cikin huɗun.

Akwai dalilin da ya sa muke so ki hanzarta. Gidan da aka fasa sau ɗaya ya fi na maƙwabta haɗarin a sake fasa shi, kuma haɗarin ya fi yawa a makonnin farko. Wanda ya shiga ya riga ya san hanya, ya san lokacin da ba kowa, ya ga abin da bai iya ɗauka ba, ya kuma san za ku sayi sabon talabijin. A unguwar Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, a ƙarshen shekarun 1980, an mayar da hankali a kan gidajen da aka riga aka fasa, aka ƙarfafa musu ƙofofi da tagogi, aka haɗa su da maƙwabtan da ke kewaye da su don sa ido, sai fasa gidaje ya ragu ƙwarai a unguwar. Don haka idan kafinta ya mayar da ƙofar kicin yadda take a da, ba a yi gyara ba, an dai mayar wa ɓarawon hanyar da ya sani.

Gobe da safe ki fita waje ki zagaya gidan kina tambayar kanki: da na manta mabuɗi a ciki, ta ina zan shiga? Duk amsar da ta zo miki ta riga ta zo masa. Ki dubi abin da ke jingine da katanga ciki da waje: tarin bulo, ganga, tsani, reshen bishiya, ƙafar tankin ruwa, rufin ɗakin janareto. Katanga mai tsawon mita 3 da ke da tarin yashi a gindinta ta koma mita 2. A kwashe su, a sassabe reshen, a ɗaure tsani da sarƙa da kwaɗo ko a shigar da shi ɗaki. Haka shebur, diga, guduma da guntayen rodi da ake bari a tsakar gida. Ɓarayi da yawa ba sa zuwa da kayan aiki, da na mai gida suke fasa ƙofarsa.

Doguwar katanga tana da illar da ba a cika faɗa ba. Wanda ya riga ya dira ciki ya samu sutura, zai yi aikinsa a nutse ba mai ganinsa daga titi. Wannan ne ya sa ƙofar baya, wadda mutane suka fi rainawa, ita ce ta fi bukatar ƙarfi.

Ƙofa abu huɗu ce: ƙyaure, firam, makulli da hinjis, kuma ƙarfinta bai wuce na wanda ya fi rauni a cikinsu ba. Ki je ki dubi inda taku ta karye. Mafi yawan lokuta za a tarar makullin yana nan lafiya, firam ɗin ne ya tsage a daidai wurin da harshen makulli yake shiga. Ɗan farantin ƙarfen da ke wurin ana ɗaure shi ne da gajerun sukurori, santimita 2 ko ƙasa da haka, waɗanda fatar katakon kawai suka kama. Duka ɗaya da ƙafa ko ɓanɓara da ƙarfe ya isa. Gyaran kuwa shi ne a sa faranti mai kauri da tsawo, a ɗaure shi da sukurori masu tsawon santimita 7 zuwa 8 da za su ratsa firam su kama abin da ke bayansa. Idan firam ɗin na ƙarfe ne, a tabbatar an dasa shi a bango a wuri uku ko fiye a kowane gefe, a kuma cika ramin cikinsa da kankare. Firam ɗin da cikinsa fanko ne lanƙwashewa yake yi idan aka zura ƙarfe tsakaninsa da ƙyaure, sai harshen makulli ya fita salin alin ba tare da an taɓa makullin ba. Bulon da ke gefen ƙofa shi ma idan mai rami ne a cika shi, don kada a fasa shi a zare firam ɗin gaba ɗaya.

Ƙyauren da za a sa a ƙofar waje ya zama katako cikakke mai kaurin santimita 4 zuwa sama, ko ƙarfe mai haƙarƙari a ciki. Ki ƙwanƙwasa shi da hannu. Idan ya yi amo kamar fanko, ƙofar ɗakin ciki ce aka sa muku a waje. Ratar da ke tsakanin ƙyaure da firam kada ta wuce 'yan milimita, kuma mai walda zai iya manna wani dogon ƙarfe a bakin ƙyauren ya rufe ratar, yadda bakin ƙarfen ɓanɓara ba zai samu wurin shiga ba.

A makulli akwai harshe iri biyu. Mai santsin baki da yake komawa da kansa idan an turo ƙofa aikinsa hana iska buɗe ta ne, ana iya tura shi da wuƙa ko ɗan kati. Mai tsaro shi ne harshe mai kusurwa huɗu wanda ba ya motsi sai an murɗa mabuɗi, kuma ya kamata ya shige cikin firam da santimita 2 zuwa 2.5. A riƙa murɗa mabuɗin har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Sannan ki dubi bututun da ake zura mabuɗi a ciki. Irin wanda ya fi yawa a ƙofofin zamani yana da rauni a tsakiyarsa, inda sukurun da ke riƙe shi ya huda shi. Idan ya turo waje fiye da milimita 3, ana kama shi da filaya a karya cikin ƙanƙanen lokaci. A sa mai tsawo daidai da kaurin ƙofar, a rufe kewayensa da farantin ƙarfe da aka ɗaure daga ciki. Tunda an riga an shiga gidan, a canza dukkan makullan waje, ko da kina ganin mabuɗanku sun cika. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa ba a ɗauki na ajiya ba.

Idan ƙofar waje take buɗewa, hinjis ɗinta suna waje ke nan, kuma ana iya buge sandar tsakiyarsu a cire ƙyauren ta ɓangaren da ba makulli. Mai walda ya toshe kan sandar, ko a dasa guntayen rodi biyu ko uku a gefen ƙyauren waɗanda za su shige ramuka a firam idan an rufe. Ko an yanke hinjis, ƙyauren ba zai fita ba.

Kwaɗo kuma, mutane sukan sayi babba su rataya shi a kunnen da ƙananan sukurori ke riƙe da shi, kawunansu a waje. Ɓarawo ba zai kula kwaɗon ba, sukudireba zai sa ya kwance kunnen. A ɗaure kunnen da noti mai ratsa ƙyaure wanda kansa na waje mulmulalle ne, ko a yi masa walda. Wuyan kwaɗon ya zama ƙarfe mai tauri mai kaurin milimita 10 ko fiye, gajere, a kuma yi masa ɗan akwatin ƙarfe da zai rufe shi ta sama da gefe, don almakashin ƙarfe da zarto su rasa wurin kamawa. Ki kuma tuna kwaɗo a rataye a wajen get sanarwa ce cewa ba kowa a gida. Makulli na jikin get ya fi.

Ga dabarar da ta fi duk waɗannan araha, kuma ita ce za ta hana a maimaita abin da aka yi muku. Kowace ƙofar waje banda ɗaya a kulle ta daga ciki da sakata biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da sandar ƙarfe da aka gitta ta zauna a kunnuwa biyu da aka dasa a bango. Ƙofar da aka gitta wa sanda ba ta da makullin da za a karya daga waje. Sai ku riƙa fita ta ƙofa ɗaya tak, wadda ta fi fitowa fili, ku zuba kuɗin makulli mai kyau a kanta ita kaɗai.

Ƙarfen taga ya zama rodi cikakke mai kaurin milimita 12 zuwa 16, ba bututu mai rami ba, wanda ido ke gani da kauri amma zarto ke cinyewa nan da nan. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 10 zuwa 12, domin inda kan yaro ya shiga jikinsa zai iya bi, kuma akan turo yaro ya buɗe ƙofa daga ciki. A sa sandunan gicciye don kada a buɗa su da jak ɗin mota. Ƙafafun ƙarfen su nutse cikin bango a kama su da siminti, ba a ɗaure su a firam ɗin taga da sukuru ba. Tagar banɗaki, ta sito, da ramin na'urar sanyaya ɗaki duk a yi musu, su ne aka fi mantawa. Tagar almuniyam mai zamewa ana iya ɗaga ta a cire daga layinta. A ɗaura sukuru biyu a layin sama, a bar kawunansu sun ɗan sauko yadda za ta zame amma ba za ta ɗagu ba, a kuma kwantar da sanda a layin ƙasa da dare. Idan rufin gidan kwano ne da silin mai laushi, a shimfiɗa ragar ƙarfe a saman silin na ɗakin kwana da na ajiya.

Amma a nan muna roƙonki da babbar murya: kada ki mayar da gidanki kurkukun da ba a iya fita. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana 'ya'yanki fita ranar gobara, kuma hayaƙi yana iya kashe mai barci tun wuta ba ta iso shi ba. Kowane ɗakin kwana ya kasance da taga ɗaya da ƙarfenta yake buɗewa daga ciki. Mabuɗinta ya zauna a ƙusa ɗaya da kowa ya sani, inda yaro zai kai amma hannun da aka zuro daga waje ba zai kai ba. A riƙa buɗe ta duk wata ana ɗiga mata mai don kada tsatsa ta kama ta. Sandar da aka gitta a ƙofa ta zama wadda babban yaronki zai iya ɗagawa a cikin duhu. A sa na'urar jin hayaƙi mai batir a silin na hanyar da ke tsakanin ɗakunan kwana. Duk mai walda da ya ce miki ƙarfe mai buɗewa rauni ne, ki ce ya yi masa sakata mai kyau, amma sai ya buɗe.

Sai haske. Fitilar da ke kunna kanta idan ta ji motsi ta fi wadda ke ci dare farai, domin kunnawar ce take firgita mai shigowa, take kuma jan idon na ciki da na maƙwabta. Ƙwai mai wat 10 zuwa 20 na zamani ya isa tsakar gida madaidaiciya. A ɗaga ta mita 2.5 zuwa 3 inda hannu ba ya kai, a sunkuyar da ita ƙasa. Fitila mai tsananin haske da aka nufa waje tana kashe ido, ta kuma bar baƙin duhu a bayanta inda mutum zai laɓe. Idon na'urar ya fi kama wanda ya gitta gabansa a kan wanda ya nufo shi kai tsaye, don haka a kafa ta a gefen hanyar da za a bi. Mai amfani da hasken rana da batirinta ta fi, saboda ba ruwanta da ɗaukewar wuta ko yanke waya. A ciki kuma, ɗan agogon da ake maƙalawa a soket zai riƙa kunna fitilar falo ko rediyo a lokacin da kuka saita, ranar da ba ku nan.

Idan an gama da ƙarfe da haske, abin da ya biyo baya shi ne ƙararrawa. A wani bincike da Jami'ar North Carolina da ke Charlotte a Amurka ta yi da mutum fiye da 400 da aka ɗaure kan fasa gidaje, kimanin kashi 60 cikin 100 sun ce ganin ƙararrawa zai sa su nemi wani gidan. Kayanta ba su da yawa. Akwai uwar na'ura, da 'yan maganaɗisun ƙofa da taga, da idanun motsi, da jiniya. Maganaɗisun gida biyu ne, ɗaya a ƙyaure ɗaya a firam, tazararsu kada ta wuce kamar santimita 1 idan an rufe. Ƙofar da ke girgiza da iska tana raba su ta tayar da jiniya ba dalili, sai an gyara ta tukuna. Idon motsi zafin jiki yake gani. A kafa shi a kusurwar ɗaki, mita 2 zuwa 2.4 daga ƙasa, kada ya fuskanci tagar da rana ke bugawa, ko murhu, ko bakin na'urar sanyaya ɗaki. A lokacin tsananin zafi, sa'ad da ɗumin ɗaki ya kusa na jikin mutum, ganinsa yana raguwa, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai a bar maganaɗisun ƙofa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kafa uwar na'urar da jiniyar a bakin ƙofar shiga. Na'urar tana ba da kamar daƙiƙa 30 don mai gida ya kashe ta, kuma wannan ya ishi ɓarawo ya fizge ta daga bango. Madannin lambobi kawai ake sawa a bakin ƙofa, uwar a ɓoye ta a ciki. Jiniya biyu: ɗaya a ciki, ɗaya a waje can sama, mai batirinta wadda za ta yi kuka ko an yanke wayarta. Batirin uwar na'ura, wanda yawanci ƙarami ne mai bolt 12, yakan gaji bayan shekara 3 zuwa 5, ko ƙasa da haka inda ake zafi ko yawan ɗauke wuta. A gwada shi ta hanyar cire wutar gida a ga ko na'urar za ta ci gaba. Ki zaɓi wadda ake sa wa layin waya ta kira lambobi da kanta, a sa naki, na maigida, da na maƙwabci na kusa. A riƙa duba layin, domin sim ɗin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan rufe shi ba wanda ya sani. Ki kuma nemi mai saitin dare, wanda ke tsare ƙofofi da tagogi ya bar idanun motsi na ciki a kashe, don ku iya zirga-zirga. Wannan saitin ne zai fi taimaka wa barcinki: za ki san idan jiniya ba ta yi kuka ba, motsin da kika ji ba ƙofa ba ce.

Jiniyar da ba mai amsa ta hayaniya ce kawai. Ki zauna da gidajen da ke dama da hagu da baya da gabanku, ku yi musayar lambobi, ku yarda da abin da kowa zai yi idan ya ji: kunna fitilu, kiran jami'an tsaro, kiran mai gidan, ba tunkarar ɓarawo ba. Kuma duk lokacin da ta yi kukan ƙarya a nemo dalilin a gyara a ranar, domin bayan sau uku ko huɗu maƙwabta sun daina leƙowa.

Yanzu kyamara, idan kuɗi ya rage. Uku ko huɗu da aka kafa da tunani sun fi takwas da aka watsa. Ɗaya a get, ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a ƙofar baya, ɗaya a lungun da aka haura. Amfaninta shi ne a gane fuska, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Idan an ɗaga ta can ƙarƙashin rufi, tsakiyar kai da hula kawai za ta ɗauka. Mita 2.5 zuwa 3 ya isa. Mai faɗin gani, irin mai gilashin milimita 2.8, tana nuna dukkan tsakar gida amma a kyamara matsakaiciya ba a cika tantance fuskar baƙo ba idan ya wuce kamar mita 4, don haka a kafa ta kusa da inda dole mutum ya bi. Kada ta fuskanci fitowar rana ko fitila. Da dare, idan bango ko rufi na kusa da bakinta, haskenta na ganin duhu zai dawo mata ya wanke hoton, haka ma saƙar gizo-gizo, sai a riƙa share ta. Ki sa a gwada a gabanki da dare: wani ya bi ta wurin, ki duba ko za ki gane shi.

Ki tambayi mai sayarwa kwana nawa take ajiye hoto. Kyamara ɗaya mai matsakaicin inganci tana cin kimanin gigabait 20 a yini idan tana ɗauka ba tsayawa, huɗu ke nan 80 da ɗoriya, ma'ajiya mai terabait 1 za ta cika cikin kwana 11 zuwa 12 ta fara goge na baya. Wutar da huɗun da na'urar ajiyarsu suke ci ta kai wat 40 zuwa 60, batirin dalma mai bolt 12 da amfiya 100 zai riƙe su kamar awa 10, tunda ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Na'urar ajiyar kada a ɗora ta kusa da talabijin, nan ne farkon inda za a ɗauke ta a tafi da shaidar. A kulle ta a wuri ɓoyayye mai shan iska. Kyamarar da ake ja wa waya ta fi mara waya tabbas. A saita agogonta daidai, domin hoton da kwanan watansa ya kauce yana raunana shaida. Sannan ki canza kalmar sirrin da ta zo da ita, da hannunki, bayan mai kafawa ya tafi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urori a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da kamfanoni suke sakowa. Kada a sa kyamara a ɗakin kwana, kada kuma a karkata ta cikin gidan maƙwabci.

Idan wani ya kawo shawarar waya mai lantarki a kan katanga, ta gaskiya tana da na'urarta da ke sakin gajeren bugu kusan sau ɗaya a daƙiƙa, mai zafi amma wanda aka tsara don kada ya kashe, kuma sai ƙwararre ya kafa ta, da alamar gargaɗi, bisa dokar wurinku. Haɗa wayar katanga da wutar gida kai tsaye kisan kai ne, kuma wanda yake kashewa sau da yawa yaron da ya hau ɗauko ƙwallo ne. Kada ki yarda ko da wasa.

Wanda ya shiga gidanku ya san lokacin da ba kowa, ya kuma san ƙofar da ta fi rauni. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, amma wannan ba lasisin zargin mai aiki ko maƙwabci ba ne ba tare da hujja ba. Kallon gida na 'yan kwanaki ma ya isa mutum ya san fitarku da dawowarku. Abin yi shi ne rage yawan masu sani. Mabuɗi kada ya kwana a hannun mai gyara, kada a ɓoye shi ƙarƙashin tabarmar ƙofa ko tukunyar fure. Mai aikin da ya shigo a tsaya tare da shi, a kulle ɗakin kwana. Mai gadi ko mai aikin gida a san inda ya fito da wanda ya tsaya masa, a ajiye kwafin katin shaidarsa. Kwalin sabon talabijin a yayyaga shi kafin a fitar. Hoton tafiya a sa a Facebook ko WhatsApp bayan an dawo. A koya wa yara cewa ba a gaya wa kowa, a waya ko a bakin get, cewa Baba ya yi tafiya, kuma ba a buɗe wa wanda ya ce an aiko shi gyara sai an kira ki. Ɗan ramin leƙe a get da ƙofa yana da amfani a nan.

Ɗakin mai gida shi ake fara bincikewa: ƙarƙashin katifa, dirowar gefen gado, saman sif. Abin da ba a amfani da shi kullum, kamar zinare da takardun fili, a kai shi ajiyar banki, ko akwatin ƙarfe da aka ɗaure da noti a kankaren ƙasa, don wanda ba a ɗaure ba ɗaukarsa ake yi a fasa a wani wuri. Ki rubuta lambar jikin kowace na'ura, ki ɗauki hotonta da rasit. A waya, danna *#06# zai nuna lambarta mai alƙaluma 15. Ki duba kwalayen wayoyin da aka sace, lambar tana jiki, ki kai wa 'yan sanda su haɗa da rahotonku. A rufe layukan, a canza kalmomin sirrin banki da na imel da ke cikinsu da cikin kwamfutar, idan ba a riga an yi ba.

Saura daren da kike tsoro. Ki zaɓi ɗaki ɗaya, wanda ya fi kusa da inda yara suke kwana, a sa masa ƙyaure mai ƙarfi da sakata biyu. Waya mai caji, tocila, mabuɗin tagar fita da maɓallin tayar da jiniya su kwana a ciki. Lambar gaggawa da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa su kasance a farkon jerin lambobinki, a kuma rubuta su a takarda a manna a bango. Idan kin tabbatar akwai mutum a cikin gida, ki tattara yara ku shige, ki kulle, ki tayar da jiniya, ki kira, ki fara faɗin adireshi kafin komai. Kada ki fita dubawa, kada ki tare masa hanyar fita. Idan har kuka yi ido biyu, ki ba shi abin da ya nema, hannuwanki a fili, ba gardama. Idan kuwa kin dawo daga aiki kin tarar da ƙofa a buɗe, kada ki shiga, wataƙila yana ciki. Ki koma gidan maƙwabta ki kira, kuma kada a taɓa komai sai an zo an duba.

Ku gwada wannan da yara da rana, cikin raha, sau biyu ko uku, tare da gwajin fita ta taga idan gobara ce, har kowa ya san inda zai nufa ba sai an faɗa masa ba. Su ma sun tsorata ko ba su faɗa ba, ki bar su su yi tambaya, ki nuna musu sabbin sakatun da hannunsu. Kafin a gama aikin ƙofofin, ki nemi wata babba daga dangi ta riƙa taya ku kwana idan maigida ya yi tafiya. Idan aka gama gyaran, wata guda ya wuce, har yanzu barci bai dawo ba ko faɗuwar gaban tana hana ki aiki, ki je ki ga likita ki faɗa masa yadda abin ya faro.